Ka yi ritaya kana son tayar da tsohuwar a-kori-kura? Ga ta inda za ka fara

Wato abin da ke kashe ma yawancin mutane wannan aikin ba rashin kuɗi ba ne, zumuɗi ne. Mutum ya ajiye aiki lokaci ya samu, ya jawo tsohuwar a-kori-kura gida, cikin sati ɗaya ya kwance ta kaf har sitiyari, bayan shekara biyu tana nan a buhuna da robobi shi kansa bai san wane noti ne na ina ba. Malam kar ka yi haka don Allah.

Tun wajen saye ake cin nasara ko a faɗi. Nemi ƙirar da aka yi ta da yawa saboda safaya, irin su Ford F-100 da aka ƙera daga 1953 zuwa 1983, ko Chevrolet C10 musamman ta 1967 zuwa 1972 wadda har yau akwai kamfanonin da ke buga mata sabbin ƙofofi da sauran sassan bodi, ko Hilux ta Toyota da ta fara fitowa a 1968, ko Peugeot 404. Wadda ba kowa ya san ta ba akwai burgewa kam, amma sai ka yi wata shida kana cigiyar gaskit ɗaya.

In ka je dubawa manta da fenti, fenti maƙaryaci ne. Kwanta ƙasa da tocila da sukundireba ka bi shasi kana caka, musamman inda sifirin ya kama da inda aka ɗaure kan motar, in ƙarfen ya yi ƙara tsaf to lafiya, in sukundireba ta nutse ko yana ɓarewa kamar ɓawon itace ka yi sallama ka tafi komai kyan fuskarta. Sai ka ɗaga taburmar ƙasa ka duba wajen ƙafar direba, da ƙasan ƙofofi, da kusurwoyin baya na kan motar, nan ruwa ke kwanciya. Ka riƙe ƙaramin maganaɗisu ka bi jikin bodi da shi, duk inda ya ƙi kamawa fila aka cusa aka rufe ramin tsatsa. Inji ko ya mutu ana tayar da shi ko a sauya, shasi da ya ruɓe kuwa aikin walda ne da zai cinye ka.

Ta iso gida, kar ka murza makulli tukuna. Cire fulogogi, ɗiga ɗan mai a kowace silinda, bar shi ya kwana biyu sannan ka sa sifana a notin fulin gaba ka juya da hannu ka ji ko injin na zagayawa. Zubar da tsohon baƙin mai, sauya filta, tsohon fetur ɗin tanki ma ya tafi don ya riga ya zama danƙo kuma shi ke toshe kafireta. In ka samu abin gwada matsin silinda gwada su duka, ana so su zo kusa da juna, bambancin da ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 yana nuna zobe ko bawul ya gaji. Duba bolt nawa motar ke amfani da shi ma kafin ka sayi batir, don motocin Amurka na da can bolt 6 ne, Chevrolet sai a 1955 ta koma 12, Ford kuma 1956.

Amma ni a ganina birki ne farko, kafin ma ka damu da yadda injin ke kuka. Man birki na shan danshi, motar da ta shekara goma a ajiye bututunta sun ci tsatsa ta ciki ko da waje na ƙyalli, don haka sauya robobi da tiyo duka kar ka tsaya lallaɓawa. Yawancin na Amurka kafin 1967 layi ɗaya ne daga masta, wato famfon da ke tura man birki, zuwa ƙafa huɗu, wuri ɗaya ya huje shi ke nan babu birki gaba ɗaya, ka sa mai layi biyu ko da masu son komai orijinal za su yi tsaki. Kuma ƙurar cikin gangar birkin nan kar ka hure ta da iska, tsofaffin takalman birki na da asbestos mai lalata huhu, jiƙa ta ka goge, da takunkumi a hancinka. Jak kaɗai kuma ba a shiga ƙarƙashin mota da shi, sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe. Taya ko zanenta na nan ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefenta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in uku ka gani to tun kafin 2000 aka yi ta, ba ta hawa titi.

Ƙa'idar kwancewa guda ce, sashe ɗaya a lokaci ɗaya, ka gama ka mayar sannan ka taɓa wani. Ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai, notuna a leda ka rubuta sunansu, wayarin kuwa ka manna wa kowace waya takarda, wallahi ƙwaƙwalwa ba ta riƙewa balle a shekarunmu. Awa biyu ko uku a rana ta isa, baya da gwiwa ba irin na da ba ne, ɗaga inji ko giya kuwa ka kira yara ko ka kai wa bakanike ba abin kunya ba ne.

Fenti shi ne ƙarshe, kuma ba dole ba ne ma, wasu kashe tsatsar kawai suke su bar mata tsohon launinta. Ran da za ka fara fita da ita zagaya unguwa kawai a hankali kana taka birki, ka dawo ka sake ɗaure notunan taya, sannan ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe ka duba, baƙi baƙin mai ne, kore ko ruwan hoda lagireta ce, in kuma ɗigon kusa da taya yake to ƙila man birki ne, kar ta fita sai ka gano daga ina.