Kurakuran Masu Neman Filin Zama da Noma a Karkarar Amurka

A shekarar 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba magidanci eka 160 idan ya zauna a filin ya noma shi har shekara biyar. An soke dokar a 1976, sai jihar Alaska da aka ɗaga wa ƙafa zuwa 1986, don haka duk mai son ya bar birni ya koma karkara ya ci da guminsa, dole ya sa kuɗi ya sayi fili. Amurka tana da gundumomi fiye da 3,000, kowace da dokokinta na gini da haraji, kuma yawancin asarar da masu saye ke yi tana farawa ne tun wajen zaɓen gunduma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da farashi. Gundumar Costilla da ke kwarin San Luis a kudancin jihar Kolorado ta yi suna wajen filaye masu eka biyar da ake tallatawa a intanet da araha, hotunan kuwa suna ɗaukar ido: fili shimfiɗe, duwatsu masu farin ƙanƙara a bayansa. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne kwarin yana da tsayin kusan mita 2,300 daga teku, kuma ruwan saman da yake samu a shekara bai kai milimita 200 ba, wato ya fi kusa da na Agadas fiye da na Kano. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Gyaran shi ne a fara tambayar ruwa kafin a tambayi kuɗi.

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne tsada, domin suna ɗauka cewa wanda ya mallaki ƙasa ya mallaki ruwan da ke ƙarƙashinta da wanda ke ratsa ta. A yammacin Amurka ba haka abin yake ba. A Kolorado, wanda ya riga amfani da ruwa shi ke da haƙƙi a kansa, ko da ruwan yana wucewa ta bakin ƙofar sabon mai fili. Mai ƙaramin fili da bai kai eka 35 ba, galibi izinin rijiyar da zai samu na amfanin cikin gida ne kawai, na sha da girki da wanka. Ba a yarda ya shayar da lambu ko dabbobi da shi ba. Sai fili ya kai eka 35 ake ba da izinin da ya haɗa da shayar da dabbobi da ban ruwan eka ɗaya. Hatta tara ruwan sama daga rufin gida, sai a 2016 jihar ta halatta wa yawancin gidaje, shi ma ganga biyu kacal, jimlar galan 110. Mutumin da ya sayi eka biyar da niyyar kiwon awaki da noman kayan miya zai iya wayar gari yana jigilar ruwa a tanki daga gari. Kafin a biya ko sisi, a nemi ofishin albarkatun ruwa na jiha, a ba su lambar filin, a ji irin izinin da za su bayar, sannan a duba zurfin rijiyoyin maƙwabta, tunda ana biyan masu haƙa ne gwargwadon zurfi.

Wasu kuma suna zaton karkara ba ta da doka. A 2015 an yi takaddama a Costilla tsakanin hukuma da mazauna filayen da ba su da wuta da famfo, kan ƙa'idojin zama a tanti ko motar kwana da kuma wajabcin haƙa masai na zamani. Kiran waya ɗaya zuwa ofishin tsara filaye na gunduma yana warware wannan: ko za a iya zama a filin kafin a gama gini, da kuma ko ƙasar za ta ci gwajin tsotse ruwa da ake yi kafin a ba da izinin masai.

Ƙasar noma ba ta buƙatar hasashe, domin ma'aikatar gona ta Amurka tana da taswirar ire-iren ƙasa mai suna Web Soil Survey kyauta, hukumar agajin gaggawa ta FEMA kuma tana da taswirar ambaliya. Jami'an faɗakar da manoma na gunduma za su faɗi yawan kwanakin da babu jaura, waɗanda a kwarin San Luis ba su wuce wata uku da 'yan kai ba. Dankalin Turawa da sha'ir suna yi, amma amfanin gona mai son dogon zafi yana shan wuya.

Saura takardu. Akwai filin da ba shi da halastacciyar hanyar shiga sai ta gonar wani, akwai kuma wanda ma'adinan ƙarƙashinsa na wani ne daban, musamman filayen da aka raba a ƙarƙashin dokar kiwo ta 1916, wadda ta bar ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya. A sa kamfanin binciken takardun mallaka ya tantance duka biyun. Bayan haka mai saye ya je da ƙafarsa a watan Janairu, ya ga ko gunduma tana share ƙanƙara a hanyar, ya kuma auna mintunan da za su kai shi asibiti mafi kusa da dare.