Yadda za ku riƙe kalmar "gan" cikin sauƙi

'Yan'uwa masu koyon Ibrananci, ga wata dabara da ta taimake ni sosai. In kun ci karo da "gan" a Farawa 2:8, wato lambun Adnin, ku tuna da kalmarmu ta aljanna. Tushensu ɗaya ne: g-n-n a Ibrananci, j-n-n a Larabci, ma'anarsa rufewa ko karewa.

Ashe "gan" ba kowane fili ba ne, lambu ne mai shinge, irin wanda ake kewayewa da ƙaya don kada awaki su shiga. Daga tushen nan "magen" ta fito, wato garkuwa. Ku rubuta ukun a katin haddarku ɗaya.

Kada dai ku haɗa "gan" da "pardes", wata kalmar Ibrananci mai nufin lambu, wannan aro ce daga Farisanci.