Yadda na ceto itacen adona mai ganyen mahuci

Licuala sunansa, ganyensa zagaye kamar mahucin kaba. Da zafin Afrilu ya kama Maradi, sai bakin ganyen ya bushe ƙamas. Na zaci gara ce, na tona ban ga komi ba. Na ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa.

Ashe rana ce. Asalinsa inuwar dazukan Banuwatu, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, ba juriyar giginyarmu gare shi ba.

Na mayar da tukunyar ƙarƙashin dogon yaro, inda hantsi kawai ke taɓa ta. Na huda gindinta wuri 4, na haɗa ƙasa kashi 2 da yashin gulbi kashi 1, na rufe saman da ɓawon gujiya. Ruwa lita 2 kowace yamma.

Sati 7, sabon ganye ya buɗe kore shar. Alhamdulillahi, na gode wa maƙwabcina da ya lura.