Darasi na 9: Malam-buɗe-littafi da Littafin Ƙidayarmu

Idan ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, hankalin kowa yana kan iri da fartanya. A wajen Zariya da Kaduna yawanci a watan Mayu ne, a Kano da Katsina da Maraɗi kuwa sai Yuni. Bayan mako biyu ko uku za ku ga tafasa ta tsiro a gefen hanya, ciyawa ta rufe bakin kududdufi. A lokacin ne malam-buɗe-littafi yake fara yawaita.

Ku lura da sunansa. Idan ya sauka a kan fure yakan buɗe fukafukansa ya rufe, ya sake buɗewa, kamar malami da littafi a gabansa. Ga shi mu ma mun fara buɗe namu littafin da girmanmu. A wannan darasi za mu koyi yadda ake kallonsa, a ƙirga shi, a rubuta abin da aka gani.

Wata rana wani dattijo a aji ya ce, "Malam, ga shuka a gabanmu, ga noman firi na tafe, mu kuma mu tsaya ƙirga ƙwari?"

Malamin ya ce, "Baba, bara da bana, yaushe suka fi yawa?"

Ya ce, "Bara mana."

Na kusa da shi ya ce, "A'a, bana dai."

Aka yi ta musu, kuma babu mai hujja, don babu wanda ya rubuta. Amfanin darasin ke nan. Mutum yakan manta, takarda ba ta mantuwa. Kuma ƙwaron nan yana ba da labarin dajinmu. Kowane iri yana da tsiron da 'ya'yansa suke ci. In tsiron ya ɓace, shi ma ya ɓace. In aka cika feshin maganin ƙwari a wuri, zai ragu. Banda haka, wanda ya rubuta kwanan wata da lamba da jimla sau ɗaya kowane mako har damina ta wuce, hannunsa zai faɗa.

Mu fara sanin sa

Malam-buɗe-littafi yana da fukafukai 4 da ƙafafu 6. A wasu ire-iren ƙafafun gaba biyu ƙanana ne ƙwarai, sai ka ɗauka huɗu ne. Bakinsa siririn bututu ne, a nannaɗe kamar gammo. In ya sauka a fure sai ya warware shi ya tsotsi zaƙi. Da ƙafarsa yake ɗanɗana ganye, ta haka macen take gane tsiron da za ta yi ƙwai a kai. Garin da yake maƙalewa a yatsa in an kama shi, shi ne launin jikinsa, kuma in ya goge ba ya dawowa. Saboda haka a wannan aiki ba ma kamawa. Ido da fensir sun isa.

Rayuwarsa hawa huɗu ce. Da farko ƙwai a kan ganye, bai kai ƙwayar gero ba. Sai tsutsa ta fito, ba ta da aiki sai ci. In ta ƙoshi ta girma sai ta maƙale a reshe ko bango, ta zama wani ɗan ƙunshi mai tauri, ba ci ba tafiya. Daga ciki mai fukafukai zai fito. A lokacin zafi, ga ire-iren da muka fi gani, duk wannan yakan ɗauki kamar wata guda.

Kada ku haɗa shi da faɗa-wuta, wanda yake zuwa wajen fitila da dare. Malam-buɗe-littafi da rana yake yawo, in zai huta yakan haɗe fukafukansa a tsaye, kuma siraran ƙahonnin kansa biyu suna da ɗan ƙulli a ƙarshe. Yawancin faɗa-wuta sukan shimfiɗa nasu fukafukan, jikinsu ya fi kauri da gashi. Bambancin yana da amfani ga manomi. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, 'yar faɗa-wuta ce, malam-buɗe-littafi ba shi da laifi a ciki. Amma a dangin faɗa-wuta ma akwai mai alheri: zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi, daga saƙar tsutsarsa ake samunsa.

Huɗu da za mu fara da su

A Nijeriya akwai ire-iren malam-buɗe-littafi sama da 1,000, mafi yawa a dazuzzukan kudu masu duhu. Mu da Hausa suna ɗaya muke kiransu da shi duka. To, ba a ƙirga abin da ba shi da suna, don haka a ajin nan za mu laƙaba wa kowanne sunan tsiron da tsutsarsa take ci. Sunayen namu ne na aji, in kun fita waje sai kun yi bayani.

Ɗan-tumfafiya shi ne ya fi sauƙin ganewa. Launinsa ruwan goro ne, ƙarshen fiffiken gaba baƙi da fararen ɗigo, kuma a ƙasarmu fiffiken bayansa yawanci fari ne. Tashinsa a hankali yake, kamar mai taƙama. Yana da dalili. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, dafin tsiron yana zama a jikinta har bayan ta yi fukafukai. Tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ba ya marmarin na biyu. Ku ɗaga ganyen tumfafiya ku duba ƙarƙashi, za ku iya samun tsutsar: mai zane-zanen fari da baƙi da rawaya, da siraran ƙahonni. Ku yi hattara da farin ruwan tumfafiya. In ya shiga ido yana yin illa ƙwarai, in ya taɓa hannu a wanke da sabulu kafin a taɓa fuska.

Wannan yana da mai kwaikwayonsa, kuma a nan ne sabon mai ƙidaya yake ruɗewa. Akwai wani iri da namijinsa baƙi ne wuluk, da manyan fararen tabo masu ƙyallin shuɗi a kewaye. Macensa kuwa ba ta kama da shi ko kaɗan. Kayan Ɗan-tumfafiya ta ara, ruwan goro da baƙi da fari, alhali ba ta da dafinsa. Tsuntsu ya gan ta ya kauce, ita kuwa ta tsira da aron riga. Tsutsarta tana cin fasa-ƙaba. In kun ga baƙin namijin a wuri, mai yiwuwa wasu daga cikin masu ruwan goron da ke nan matansa ne.

Ɗan-lemo babba ne, baƙi da ɗigo-ɗigon rawaya, a fiffiken baya yana da tabo masu kama da ido. Ko yana shan fure fukafukansa ba sa daina kaɗawa. Tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, baƙi-baƙi da fari, in ta girma sai ta koma koriya. Ka taɓa ta, ta fito da wani abu mai reshe biyu a bayan kanta, mai wari. Wannan kam yakan yi ɓarna: tsutsa kaɗan za su iya cinye ganyen ƙaramin dashen lemo. Mai dashe biyar ko goma a bayan gida ba ya bukatar feshi, ya bi da safe ya tsince su da hannu.

Ɗan-tafasa matsakaici ne, mai sauri. Namijin fari ne mai ɗan kore-kore, macen sau da yawa ruwan ɗorawa. Tsutsarsa tana cin tafasa da rai-ɗore da danginsu. Wani lokaci sukan taso da yawa su nufi gefe guda, kamar ayari.

Ɗan-anza fari ne da baƙin baki-baki, ƙarƙashin fiffikensa jijiyoyin sun fito da ruwan ƙasa. Tsutsarsa tana cin anza da jiga, don haka mutanen arewa sosai da na Nijar za su fi ganin sa.

Duk wanda ba ya cikin waɗannan, ku rubuta shi da kamanninsa: "ƙarami, rawaya, yana tashi ƙasa-ƙasa." Za ku ga irin wannan da yawa a cikin ciyawa.

Yadda ake ƙirgawa

Hanyar da za mu bi an daɗe ana aiki da ita. Wani masani a Ingila mai suna Ernest Pollard ne ya tsara ta, kuma tun 1976 mutanen ƙasar suke bin ta kowane mako daga Afrilu zuwa Satumba. Yawancinsu 'yan sa-kai ne, ba ma'aikata ba. Da rubutunsu aka gane ire-iren da suke raguwa a can. Sirrin hanyar bai wuce maimaici ba: hanya ɗaya, lokaci ɗaya, tafiya iri ɗaya.

Ku zaɓi hanyar da kuke bi dama, kamar daga bakin gari zuwa gona, ko gefen fadama. Ta zama wadda za a gama cikin minti 15 zuwa 20 ana tafiya a hankali. Ku sa mata alama a farko da ƙarshe, kamar daga kuka zuwa rijiya. Da zarar kun zaɓa, kada ku canja. In wannan makon kun bi fadama, mako mai zuwa kuka bi tudu, lambobin ba za su gaya muku komai ba.

Lokaci mafi kyau shi ne hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take. In ana ruwa, ko hadari ya haɗu, ko iska na kaɗa manyan rassa, ku bari sai gobe, don a irin wannan yanayi ɓuya suke yi.

Kuna tafe, ku ƙirga waɗanda suka shigo kusa da ku kawai: taki uku a dama, taki uku a hagu, taki shida a gaba. Na nesa ba naku ba ne, ko da kyansa ya kai ina. Na bayanku ma ku ƙyale shi, wataƙila kun riga kun ƙirga shi. Kowane ɗaya ku ja masa sanda ɗaya a gaban sunansa. In sanduna sun kai huɗu, ta biyar sai ta gicciye su. A gida sai ku mayar da sandunan lamba.

Wani lokaci za ku tarar da su cunkus a kan danshin ƙasa, a bakin kududdufi ko inda shanu suka yi fitsari. Gishiri suke tsotsa, kuma yawancinsu maza ne. Ku tsaya daga nesa kaɗan, kada inuwarku ta faɗa kansu, ku ƙirga iya ƙoƙarinku. In sun fi ƙarfin ƙirga, ku rubuta "kimanin 30". Kalmar "kimanin" gaskiya ce, ba kasawa ba.

Ku sa takalmi rufaffe, damina lokacin macizai ne. Kada ku taka shukar mutane. Ku tafi ku biyu, ɗaya na kallo ɗaya na rubutu, kuma kada ku yi nisa da gari.

Abin da ake rubutawa

Littafi mai layi na 'yan makaranta ya isa. Fensir ya fi biro, don in takarda ta jiƙe tawada takan watse. Kowace fita shafinta daban. Ga misali:

Rana: Asabar, 14 ga Yuni
Wuri: daga kuka zuwa rijiya
Lokaci: 9:30 zuwa 9:50 na safe
Yanayi: rana, iska kaɗan, an yi ruwa shekaranjiya
Ɗan-tumfafiya: 3
Ɗan-tafasa: 7
Ɗan-lemo: 0
Ɗan-anza: 1
Wasu: ƙanana rawaya 4
Jimla: 15
Lura: tafasa ta kai tsawon yatsa. An yi feshi a gonar gefen rijiya.

Ku dubi sifirin da ke gaban Ɗan-lemo. Ɗalibai da yawa sukan ji kunyar rubuta sifiri, kamar sun je farauta sun dawo hannu rabbana. Wasu ma sukan ƙara ɗaya ko biyu don shafin ya yi kyau. Kada ku yi. Sifiri yana nufin kun duba ba ku gani ba, gurbin da aka bari fayau kuwa ba a san ko an duba ba. Haka nan in kun kasa bambance Ɗan-tumfafiya da mai kwaikwayonsa, ku sa alamar tambaya a gaban lambar. Mai waya ya ɗauki hoto, mu duba tare a aji.

Layin "Lura" shi ne wurin koyon jimla. Ku rubuta gajere: an yi huɗa, an ƙone ciyawa, rai-ɗore ya yi fure, farare suna ta wucewa gabas. Nan gaba, in lamba ta faɗi ko ta tashi, a layin nan za a nemi dalili.

Kada gwiwarku ta yi sanyi in makonnin farko kun samu kaɗan. A farkon damina haka abin yake, sai tsirrai sun kankama suke yawaita. Shi ya sa muke farawa yanzu, don mu ga hawan da idonmu. Wajen ƙarshen damina ma za ku iya yin baƙo: wani mai ruwan goro da ɗigon baƙi da fari, wanda yake tasowa daga Turai ya ƙetare Sahara ya zo ya hayayyafa a ƙasashenmu na bakin hamada. Ku bar masa layi a littafin.

Tambayoyi

1. Faɗi hawa huɗu na rayuwar malam-buɗe-littafi.
2. Me ya sa tsuntsu yake gudun Ɗan-tumfafiya?
3. A misalin da ke sama, da nawa Ɗan-tafasa ya fi Ɗan-tumfafiya yawa?
4. Wata ɗaliba ta ga 12 a makon farko, 19 a na biyu, 26 a na uku. Nawa ke nan duka?
5. Mene ne bambancin rubuta sifiri da barin gurbi fayau?

Aikin gida

Ku kwafi layukan misalin nan a shafin farko na littafinku, ku bar wurin lambobi. Ku zaɓi hanyarku da abokin tafiya, mata su ma su haɗu bibbiyu, ko da hanyar rijiya ce ko lambun bayan gida. Ku yi fita ɗaya kafin darasi na gaba. Wanda ya samu tsutsa a ganyen tumfafiya ko na lemo, ya bar ta a inda take, ya ɗaura ƙyalle a reshen, ya riƙa leƙawa kullum yana rubuta abin da ya canja. Ranar aji kowa ya zo da littafinsa, za mu haɗa lambobin a allo.