Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura faffaɗar taya a keken hawan dutse

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke mai faffaɗar taya a cikin rairayi ko tsakuwa ya san abin da ke jan hankalin mutane gare ta. Inda siririyar taya ke nutsewa har ka sauke ƙafa, ita shimfiɗuwa take yi ta wuce. Ina nufin tayar da faɗinta ke tsakanin inci 2.8 da 3.0, wadda ake rubuta wa 27.5+ ko 29+ a gefe. Kamfanin Surly na Amurka ne ya fito da ita sarari a 2012 da kekensa Krampus, mai taya inci 3.0 a kan rim mai faɗin milimita 50. Bayan shekara biyu kamfanin WTB ya kawo tayar Trailblazer mai inci 2.8 ta wili inci 27.5, wadda aka yi ta musamman don ta shiga firam ɗin keke mai wili inci 29. Daga nan ne kowa ya fara tunanin mayar da tsohon kekensa haka, daga nan ne kuma asarar kuɗi ta fara yawa.

Babban kuskuren shi ne sayen taya kafin a auna firam. Ni ma na taɓa faɗawa cikinsa. Na ɗaura taya, na juya wili da hannu, na ga ba ta taɓa komai, na ɗauka an gama. Ban yi wata guda ba sai na tarar fenti ya goge a cikin ƙarafan baya, har an fara cin ƙarfen kansa. Abin da ban lura ba shi ne wili yana ɗan lanƙwasa idan ka taka feda da ƙarfi ko ka sha kwana, ga kuma taɓo da tsakuwa da ke maƙalewa a haƙoran taya su riƙa gurzar firam kamar samfefa. A firam na aluminiyam ko na kabon wannan ɓarna ce da ba ta da magani mai sauƙi.

Gyaran a nan lissafi ne kawai. Inci 2.8 kusan milimita 71 ne, inci 3.0 kuma milimita 76. Kana bukatar sarari aƙalla milimita 6 ta kowane gefe, wato 83 ga ta farko, 88 ga ta biyu. Ka sa ma'auni tsakanin ƙarafan baya na ƙasa da na sama, kuma ka auna daidai inda cikin tayar zai zauna. Wannan wurin ne mutane ke kuskurewa: idan ka sauka daga wili 29 zuwa 27.5, mafi faɗin tayar yana matsowa kusa da tsakiyar wili, don haka lotsawar da masu ƙera firam suka yi wa ƙarfen saboda tsohuwar taya ba lallai ta dace da sabuwar ba. Kada kuma ka amince da lambar da ke jikin taya ɗari bisa ɗari. Faɗinta na gaskiya ya danganta da rim ɗin da ta hau, kuma sabuwar taya takan ƙara buɗewa bayan ta kwana ɗaya ko biyu da iska. Ka sake aunawa bayan nan.

Kuskure na gaba ya fi na baya haɗari, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Taya na iya wucewa lafiya tsakanin ƙafafun fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba, amma idan shokazoba ta nutse har ƙarshe sai samanta ya daki wuyan fok ɗin. Wilin gaba ya tsaya cak kana cikin gangara, kai kuma ka wuce ta saman kan keke. Idan fok ɗinka na iska ne, ka sace iskar gaba ɗaya, ka danna shi har ƙasa, ka duba ko akwai sauran sarari a saman taya. Idan na sifirin ne, ka nemi iyakar girman tayar da kamfanin ya amince da shi ka tsaya a kai. A wannan wuri ba na yarda da "ai da kyar zai taɓa".

Sai maganar rim. Mutum zai ce me zai sa ya sayi sabon wili tunda tayar ta hau tsohon? Ta hau, gaskiya ne, amma rim mai faɗin ciki milimita 21 ko 23 yana matse gindin taya ya bar cikinta ya kumbura kamar tulu mai ƙaramin wuya. A kwana sai ta riƙa kwanciya gefe, dole ka ƙara mata iska don ta tsaya, kuma da ka ƙara iskar ka zubar da amfanin da ka saye ta dominsa. Rim mai faɗin ciki milimita 35 zuwa 45 ne abokin tafiyarta. A ganina 40 ya wadatar da taya 2.8 da 3.0 duka. Ka lura faɗin ciki ake magana, domin wasu masu sayarwa na waje suke faɗa.

Wanda zai sayi sabon wili kuma sai ya san hob ɗin kekensa, wato cibiyar wili da ake ɗaurewa a firam. Wajajen 2015 kamfanonin Trek da SRAM suka yaɗa tsarin da ake kira Boost: faɗin hob na baya ya tashi daga milimita 142 zuwa 148, na gaba daga 100 zuwa 110, layin sarƙa kuma ya matsa waje da milimita 3. Ɗaya daga cikin amfanin hakan shi ne samar wa faffaɗar taya wuri. Hob 148 ba ya shiga firam 142, kuma buɗe ƙarafan da ƙarfin tsiya fasa firam yake yi. Akasin haka yana yiwuwa da zoben cike giɓi, amma sai an daidaita faifan birki, wani lokaci har a sake jan sifok don rim ya dawo tsakiya. A keken da ba Boost ba, ka sa giya mafi sauƙi, wadda ake hawa tudu da ita, ka duba ko sarƙa tana gugar gefen taya. Idan akwai farantin sarƙa biyu ko uku a gaba, wajen feda, galibi tana guga, ko kuma ƙarfen canjin giya na gaba ya taɓa. Komawa faranti ɗaya kan warware wannan.

Akwai wani canji da ba a ganinsa sai an hau. Ana yawan cewa 27.5+ tsawonta ɗaya da 29, amma ba daidai suke ba. Daga baki zuwa baki, rim 27.5 milimita 584 ne, rim 29 kuma 622, kuma taya 2.8 ba ta cike wannan tazarar. Keken zai ɗan yi ƙasa, abin da kan kai kusan santimita ɗaya, ga laushin iska na ƙara sauke shi. Feda za ta fara bugun duwatsu a wuraren da a da kake wucewa lafiya. Taya 3.0 tana rage matsalar idan firam ya ɗauke ta, haka ma gajeren hannun feda mai milimita 170 ko 165.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni takaici, domin ba ya cin ko sisi amma yana ɓata aikin gaba ɗaya: iska. Mun saba mai faci ya hura taya har ta yi tauri, ya latsa da babban yatsa ya ce ta yi. Faffaɗar taya da aka yi wa haka tsalle take yi kamar ƙwallo, ba ta riƙe ƙasa, ga nauyi a banza. Na ga waɗanda suka cire ta suka ce ba ta da amfani, alhali psi 30 suka zuba mata (psi ma'aunin ƙarfin iska ne). Ga mutum mai nauyin kilo 70 zuwa 80, a fara daga psi 15 a gaba da 17 a baya, sannan a riƙa ragewa ko ƙarawa ɗaya-ɗaya. A irin wannan taya bambancin psi ɗaya ana jin sa a jiki. Idan tana tsalle, ta yi yawa. Idan tana lanƙwasa a kwana ko ka ji rim ya daki dutse, ta yi kaɗan. Gejin da ke jikin famfo ba ya nuna gaskiya a irin wannan ƙasa-ƙasan, don haka ƙaramin geji na ƙarancin iska ya cancanci kuɗinsa fiye da duk wani kayan ado da za ka sa wa keken.

Ƙaramin tub na taya 2.1 idan aka cusa shi cikin taya 3.0 miƙewa yake yi ya yi siriri, ƙaya kaɗan ta huda shi. Ko dai a samu tub daidai girmanta, ko a koma tsarin marar tub, wanda shi ya fi dacewa da ƙarancin iska. A nan ma ana ƙwauron ruwan toshe huda: irin wannan taya tana shan mililita 100 zuwa 120, kuma a zafi irin na bazara yana bushewa da wuri, sai a riƙa dubawa duk wata biyu. Kamfanoni da yawa sun rage kaurin gefen tayar don kada ta yi nauyi, saboda haka mai hawa wurin duwatsu masu kaifi ya nemi mai ƙarfafaffen gefe, ko da ta ɗara nauyi.

Masu keken gwanjo mai wili 26 da birkin da ke kama rim, ku yi haƙuri, wannan canjin ba na kekenku ba ne. Rim 26 milimita 559 ne, robar birki ba za ta kai bakin rim 27.5 yadda ya kamata ba, firam ɗin ma bai da faɗin. Taya 2.3 ko 2.4 mai kyau, idan ta shiga da sararin milimita 6, aka kuma rage mata iska, za ta canja muku tafiya sosai. Wanda kuma ya auna keke na zamani ya ga 2.8 ta matse, ya gwada 2.6 a kan rim mai faɗin ciki milimita 30 zuwa 35.