Darasi na 9: Sayen Zare da Kai Saƙa Baje Koli

Wannan darasi na mai saƙa ne, ko da kwarashi take yi, ko da kibiya, ko da inji. Ki karanta a hankali, da biro da littafinki a kusa, domin akwai lissafi a ciki.

A shagon mai zare

A yawancin garuruwa, mai sayar da zaren saƙa shi ne mai kayan ɗinki, wato mai maɓalli da zif da allura. A Kano masu saye da yawa sukan nufi manyan kasuwanni irin Sabon Gari, inda ake samun sari. Amma kada ki raina ƙaramin shagon unguwarku. Ran da zare ya ƙare miki saura hannun riga ɗaya, shi zai fitar da ke, ba sai kin biya kuɗin mota ba. Idan kin zama 'yar gida, yakan ajiye miki kalar da kike so, ya kuma faɗa miki ranar da sabon kaya zai iso.

Kowane curin zare na kamfani yana da takarda a jikinsa. Da yawa daga cikinmu yage ta muke yi mu yar. Yanzu da kika iya karatu, ki tsaya ki duba ta. Za ki ga nauyin zaren, misali giram 50 ko giram 100. Za ki ga tsawonsa a mita, da girman kwarashi ko kibiyar da ta dace da shi a milimita. Curi biyu na iya zama girma ɗaya a ido, alhali ɗaya sakwa-sakwa aka naɗe shi. Nauyin da aka rubuta za ki bi, ba girman da ido ya gani ba.

Akwai kuma lambobi biyu: lambar kala da lambar rini. Ta biyun ce ke ba masu saƙa wahala. Kamfani yakan rina zare kashi-kashi, kowane kashi da lambarsa. Ruwan hoda na wannan wata da na wata mai zuwa sunansu ɗaya, amma idan kika haɗa su a riga ɗaya kika fita rana, za ki ga layi a tsakiya inda kala ta sauya. Mai saye ma zai gani. Saboda haka ki sayi duk abin da aikin zai ci a lokaci ɗaya, masu lambar rini iri ɗaya, ki ƙara curi guda a kai. Ki ajiye takarda ɗaya a jaka har ki gama aikin.

Yawancin zaren da muke kira ulu ba gashin tumaki ba ne. Akirilik ne, ɗan uwan roba. Ba laifi ba ne, yana da sauƙin kuɗi, yana jure wanki. Laifin shi ne a sayar miki da shi a kuɗin ulu na gaske. Ki yanki ɗan guntu ki gwada a gida da ashana, a kan faranti, nesa da yara. Akirilik narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama baƙin abu mai tauri. Ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa tana murmushewa a yatsa. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi.

Ku karanta wannan hira biyu-biyu, ɗaya ta zama mai shago:

Mai saƙa: Salamu alaikum, Alhaji, ya kasuwa?
Mai shago: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kasuwa alhamdu lillahi. Me za a kawo?
Mai saƙa: Ruwan toka nake so, mai giram 100, guda 6. Amma a duba min, lambar rininsu ta zama ɗaya.
Mai shago: Guda 4 ne iri ɗaya, sauran 2 sabon zuwa ne.
Mai saƙa: To, ba ni 4 ɗin, sai ka cika min da fari. Zan yi wa rigar baki da shi. Idan na ɗauki dozin nawa za ka bar min?
Mai shago: Ke ta gida ce, Hajiya, zan yi miki kuɗin sari.
Mai saƙa: Allah ya ƙara buɗi. A rubuta min rasit.

Kuɗin kaya, da ladan hannunki

Nan ne ya fi damuna, shi ya sa zan daɗe a kai. Mace za ta kwana 3 tana saƙa saitin jariri, ido na zafi, wuya ya sage. Ta sayi zare na naira 4,500, ta sayar da saitin 5,500, ta ce ta ci ribar 1,000. Ba ta ci komai ba. Ta manta maɓalli, ta manta leda, ta manta kuɗin adaidaita sahu, ta kuma yi wa mai saye aikin kwana 3 kyauta.

Ga yadda za ki rubuta. Kuɗin da ke ƙasa misali ne kawai, ki sa farashin kasuwarku na yau.

Zare, curi 3, kowane 1,500: 4,500
Maɓalli da ribon: 500
Leda: 100
Kuɗin mota: 400
Ladan hannu, kwana 3, kullum 1,000: 3,000
Jimla: 8,500

Wannan 8,500 ita ce uwar kuɗi. Sai ki ɗora riba, a ce 1,500. Kuɗin saiti ya zama 10,000. Ladan hannu haƙƙinki ne, shi za ki ci ki sha. Riba kuwa ta sana'a ce, da ita jari ke girma, da ita za ki zuba adashi har ki kai ga sayen injin saƙa. Wata za ta ce ai ba wanda zai saya a haka. Idan gaskiya ne, to a sake dabara: a sayi zare a sari, ko a koma ga abin da ba ya cin lokaci, irin hula da safa. Ki kuma tuna kwarashi ya fi kibiya cin zare, don haka kuɗinsu ba zai zo ɗaya ba.

Zuwa baje koli

Baje kolin duniya na Kano, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa a filinsa na titin gidan Zoo, yakan zo ne wajen ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Daidai shigowar hunturu ke nan, lokacin da kowace uwa ke neman hular sanyi da suwaita. Mai son zuwa tun damina za ta fara saƙa. Na Kaduna, na ƙungiyar KADCCIMA, galibi a Fabrairu ko Maris ake yi, sanyi ya fara ja da baya. Can jakunkuna da abin rufe tebur da kayan jarirai na auduga sun fi dacewa. A Yamai akwai SAFEM, baje kolin sana'o'in hannu na mata. Sabuwar shiga gara ta fara da ƙanana: ranar yaye ɗalibai a makarantar koyon sana'a, ko taron ƙungiyar mata a ƙaramar hukuma.

Kuɗin rumfa yana da nauyi ga mutum ɗaya. Ku haɗu. A ce rumfa 30,000 ce, ku 5 ne, kowa 6,000. Idan ribar saiti 1,500 ce, sai kin sayar da 4 kafin ki mayar da kuɗin rumfa, ban da mota da abinci. Ki yi wannan lissafi tun a gida, kafin ki ba da kuɗinki. A biya a ofishin masu shiryawa, a karɓi rasit. Kada a miƙa wa wani a bakin ƙofa don ya ce shi ɗan ciki ne.

Ƙurar hunturu ba ta barin farin zare, saboda haka kowane kaya ya shiga leda mai haske, a bar guda ɗaya a waje wanda mutane za su taɓa. Ki rataye masu kala a sama inda za a hango daga nesa. Ki liƙa 'yar takarda a kowane kaya, da farashi da sunan mai shi, don kada rigima ta tashi tsakaninku da yamma wajen raba kuɗi. Ki tafi da kwarashinki ki riƙa saƙa a rumfa. Mutane sukan tsaya kallon hannu, daga kallo kuma ake fara tambayar nawa ne.

Za a taya. Ki san ƙarshen farashinki tun kafin a buɗe ƙofa. Idan tayi bai kai uwar kuɗi ba, ki ce albarka da fara'a. Idan ya wuce ta ko da kaɗan ne, kuma ranar ƙarshe ce, kina iya sallamawa. Wanda ya ce zai tura ta waya, kada ki yarda da hoton da ya nuna miki a wayarsa, akwai alat na bogi. Ki duba asusunki da idonki kafin kaya su bar tebur. Wadda ta ba da aiki a yi mata, ta ajiye kafin alƙalami da zai sayi zaren. Ki rubuta sunanta, da lambar wayarta, da kala, da awo, da ranar karɓa.

Aikin yi

1. Ki kawo takardar jikin zare aji. Ki nuna wa ta kusa da ke nauyi da lambar rini.
2. Curi ɗaya 1,500 ne, dozin kuma 15,600. Nawa curi ɗaya ya kama a sari? Nawa kika rage a dozin?
3. Ki rubuta lissafin hular sanyi ɗaya da farashin kasuwarku, har da ladan hannu.
4. Mata 6 sun kama rumfa a kan 42,000. Nawa kowace za ta biya?