Hoton mahaifa ta gaba wajen binciken rashin haihuwa

Kafin ki shiga, ki yi fitsari tas. Saɓanin sikanin ciki, cikakkiyar mafitsara tana ture mahaifa nesa da na'ura, hoton ya dushe. Za ki kwanta rigingine, a sa wa siririyar sandar na'urar mai da kwaroron roba, a shigar da ita ta farji a hankali. Idan kina son mace ta duba ki, faɗa tun wurin karɓar kati.

Ranar zuwa ita ce komai. A rana ta 2 zuwa 5 ta al'ada ake ƙirga ƙananan jakunkunan ƙwai masu milimita 2 zuwa 10. Daga rana ta 10 ake bibiya duk bayan kwana biyu: jaka tana ƙaruwa kusan milimita 2 kullum, ta fashe idan ta kai wajen milimita 18 zuwa 24. Shimfiɗar mahaifa kuwa ana son ta kai milimita 7. Wadda ta rikita ranar farkon jini, ta rikita lissafin gaba ɗaya.

Ana ganin ƙarin mahaifa, amma toshewar bututun ƙwai sai gwajin HSG, wato hoton X-ray da ake ɗauka bayan an ɗura wani ruwa na musamman a mahaifa. A asibitin koyarwa na ATBU Bauchi ko wani, maigida ma ya kai maniyyinsa a gwada.